Na samo giyabos na Fijo 504, me zan duba kafin a ɗaura?

Ɗan_Tudun_Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana Fijo ina neman shawara kuma da ɗan gaggawa. Ina da 504 salun ta gidanmu, haɗin Kaduna ce, injin fetur mai lita 2, giya huɗu a ƙasa. Bodi lafiya lau, inji ma an yi masa aiki bara, to amma giyabos ɗinta ya gaji, lamba uku tana fita da kanta da zarar na ɗaga ƙafa daga totur, ga wani kuka da yake yi a ɗaya da biyu da uku, sai na shiga huɗu yake yin shiru. Bakanikena yace kayan da za'a canza a ciki sun yi yawa gara a nemo wani.

Yanzu na samo wani a hannun wani mai kayan gyara, yace min Beljiyam ne, na bada rabin kuɗi ya bani zuwa ranar Asabar in bai yi ba in mayar masa. Tsohon an riga an sauke, sabon yana ƙasa a gareji ba'a ɗaura ba. Bakanike yace kawai a ɗaura a gwada a titi, ni kuma hankalina bai kwanta ba domin in aka ɗaura bai yi ba kuɗin aiki sau biyu zan biya. Shin akwai yadda ake gane lafiyar giyabos yana ƙasa? Me zan duba? Allah ya saka da alheri.

Bakanike_Kakuri:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kayi daidai da ka tsaya, domin a 504 sauke giyabos aiki ne babba, farfelarta a cikin bututu take, sai an ja aksul baya ko kuma an ɗaga inji kafin ya fito, ba aikin da mutum zai so ya maimaita bane.

Kafin ma maganar lafiya, fara tabbatar da cewa irin naka ne. Tunda tsohon yana ƙasa ka ajiye su gefe da gefe ka dube su da kyau. Mai giya huɗun nan BA7 ake ce masa, amma ba duka BA7 bane ɗaya a waje. Akwai na motar da giyarta take a sitiyari, akwai na ƙasa, kuma wutsiyarsa inda farfela take shiga ta salun daban, ta wagon daban, ta fikof daban. Ka auna tsawonsu, ka ƙirga ramukan noti na kai, ka duba inda kik yake zama da inda silindar kuloci take ɗauruwa. Sannan ka ɗauko farantin kulocinka ka zura a shaf ɗin gaba, ya shiga sumul yana zamewa gaba da baya, kada ya cije kada kuma ya yi lako-lako. Idan haƙoran shaf ɗin sun cinye har suna da tsini ko sun yi mataki to kuloci zai riƙa kamawa, giya ta ƙi shiga, kai kuma ka ɗauka laifin cikin giyabos ne. Ka shafa bakin shaf ɗin can ƙarshe inda yake shiga bayan kiranshaf, ya zama santsi, ba zane ba baƙin ƙuna.

Daga nan sai mai. Wannan shi ne yake faɗa maka tarihin giyabos tun kafin ka buɗe shi. Ka kwance notin ƙasa ka tare man a farin roba mai tsabta ka fita da shi rana. Baƙin mai kawai ba matsala bane, tsufa ne. Wani laushin toka-toka kamar kwalli da yake manne a noti shi ma duk giyabos yana yi. Abin tsoro shi ne ɓarɓashin ƙarfe da zaka ji a tsakanin yatsu, ko gutsuren da zaka iya ɗauka da farce, wannan haƙori ne ko boris ya farfashe. In kaga yana ƙyalli ruwan zinariya to kayan tagullar da ke ciki ne suke cinyewa. In kuma man ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa to ruwa ya shiga, kuma wannan shi na fi tsoro a kayan da suka daɗe a jibge a fili damina ta dake su, domin sashen da yake cikin mai yana tsira amma na sama tsatsa take cinye shi, boris ya yi ramuka, ranar da ka ɗaura zai yi shiru, bayan sati biyu sai kuka. Idan ka tarar babu mai ko kaɗan, ko ka tarar da sabon mai fes, kada ka yarda da shi haka, ka zuba masa gas kamar lita ɗaya ka jujjuya shaf ka karkata shi gaba da baya sannan ka tace a farin ƙyalle, abin da ya kwanta a ƙasa zai fito.

Sai juyawa da hannu. Ka sa shi a firi, ka riƙe shaf ɗin baya da hannu ɗaya ka juya na gaba a hankali. Kada ka yi sauri, kuma a kashe rediyo yara su yi shiru, domin hannunka da kunnenka ne kayan aikin. Ya kamata ya tafi sumul. In kana jin gurɗi-gurɗi ko wani wuri yana cijewa ya sake, boris ne. Sannan ka kama shaf ɗin ka girgiza. Ɗan motsi sama da ƙasa ba laifi bane, saboda bakinsa a cikin kiranshaf yake samun madogara, yanzu kuma yana sake, mutane da yawa suna mayar da giyabos mai kyau saboda wannan. Amma in yana shiga yana fita, kana ja kana turawa kana jin ƙwas ƙwas, to wannan matsala ce.

Bayan haka ka sa alli a shaf ɗin gaba da na baya ka shiga giya ɗaya bayan ɗaya kana ƙirga. A lamba ɗaya na gaba zai juya sau uku da rabi da ɗan ɗori kafin na baya ya zagayo sau ɗaya, a biyu sau biyu da kaɗan, a uku bai kai ɗaya da rabi ba, a huɗu kuma tare suke tafiya ɗaya da ɗaya. Ribas ya juya baya. Kowace giya ka zagaya da ita da yawa, domin in haƙori ɗaya ne ya karye sai an zo kansa zaka ji ƙas, kuma a wuri ɗaya zai riƙa dawowa. Kowace giya ta shiga da ɗan ƙarfi ta zauna daram, in tana shiga laɓo-laɓo to sifirin da ƙwallon da suke riƙe ta sun mutu.

Kukan da kace tsohon naka yana yi a ɗaya biyu uku ya daina a huɗu, dalilinsa shi ne a huɗu ƙarfi kai tsaye yake wucewa daga gaba zuwa baya, shaf ɗin ƙasa, wato na cikin giyabos wanda ƙarfi yake bi ta kansa a sauran giyoyi, baya ɗaukar kaya, to boris ɗin shaf ɗin ƙasa ne suka tafi. Shi ne kuma abin da zaka fi sa wa ido a sabon.

Ka wanke jikinsa tas ka duba tsagewa, alminiyam ne, musamman kunnuwan da noti yake shiga da wajen mawuntin. Duk inda kaga walda ko an shafe da gam an fesa fenti ka tsaya a wurin.

Amma gaskiyar magana ƙanena, duk wannan da na lissafa rabin aiki ne. Hannu baya nuna maka sinkuro, wato zoben da yake daidaita gudun giya kafin ta shiga, baya nuna maka ƙananan haƙoran da suke kulle giya, kuma su ne suke sa giya ta yi ƙara wajen shiga ko ta fita da kanta, wato ciwon da ya kashe naka. Sai an buɗe. Daɗin BA7 shi ne gidansa ɓari biyu ne, in ka cire kai da wutsiya ka kwantar da shi ka ɗaga ɓari ɗaya komai yana nan a gabanka a jere, ba sai ka warware shaf ba.

Tsohon_Direban_Wagon:

Oga Kakuri Allah ya ƙara basira, duk abin da ka faɗa haka yake, amma maganar buɗewar nan ni ban goyi baya ba. Na daɗe ina jan wagon Kano zuwa Jos, abin da na gani shi ne giyabos in dai bai taɓa buɗuwa ba to a bar shi yadda kamfani ya rufe shi. Ba kowane bakanike bane kamar ku, yaran yanzu da yawa basu taɓa ganin cikin na Fijo ba, su buɗe wosha ɗaya ta faɗi ko ƙwallo ya yi tsalle ya ɓata a ƙasa su rufe haka, lafiyayyen abu ya koma mara lafiya. Kuma mai kaya in yaga an taɓa notinsa ba zai karɓa ba, shi ke nan yaro ya yi asarar kuɗinsa.

Ni shawarata ya duba notocin jikinsa. In kawunansu basu ci sifana ba, babu jan gam ko baƙi da ya tsattsafo a tsakanin ɓarin, to ba'a taɓa shiga ba, ya yi gwajin mai da na hannu ya ɗaura. In kuma yaga alamar an taɓa buɗewa to nan kam a buɗe, don ba'a san me wancan ya bari a ciki ba. Sannan ya roƙi mai kayan ya ƙara masa kwana, Asabar ta yi kusa, giyabos sai ya yi zafi an hau tudu da shi an gangaro ake sanin halinsa. Mai fitar da giya a gangara yake nuna kansa, lokacin da ka saki totur mota tana tura inji.

Mai_Kayan_Gyara:

Bari in yi magana ta ɓangarenmu mu masu sayarwa. Malam Ɗan Tudun Wada, kalmar Beljiyam ɗin nan kada ta ɗauke maka hankali. A Turai an daina yin salun 504 tun 1983, mu nan Kaduna aka ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, to kaga yawancin giyabos ɗin 504 da ke kasuwa yau daga motocin gida aka ciro su, waɗanda suka yi haɗari ko bodi ya ruɓe aka yanka. Kuma wannan ba aibu bane, wanda aka ciro daga motar wani ma'aikaci da ta yi zaman gida ya fi wanda ya shekara talatin a juji a waje. Ka tambaye shi tsakani da Allah daga wace mota ya fito, in tasi ce ko motar haya to kasan ya sha wuya.

Maganar Baba direba gaskiya ce, muna sa fenti a kan noti, in aka karya fentin bama karɓa, domin akwai masu buɗewa su cire mai kyau su sa nasu su dawo mana da shi. Amma akwai mafita mai sauƙi, ka je ka same shi kace kana so a buɗe a gabansa ko ya turo yaronsa gareji ya tsaya. Mai gaskiya ba zai ƙi ba, ni kaina ina yi wa mutane haka. Ku yi sharaɗi a gaban shaida tun kafin a sa sifana, in an samu kaza zai karɓi kayansa, in kaza ne zai rage kuɗi. Kuma ka ɗauki hoton lambar da ke jikin gidan da fentinsa a waya.

Ƙaramin abu ɗaya da ake mantawa, ɗan giyan robar nan da wayar sifidomita take shiga, ba duka ne haƙoransu ɗaya ba, ya danganta da aksul ɗin motar da aka ciro shi. Ka gwada da na tsohonka in ba haka ba mita zata riƙa yi maka ƙarya. Haka suwic ɗin fitilar ribas, ka cire naka ka ajiye kada a tafi da tsohon da shi.

Na_Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙari kaɗan daga nan wajenmu. Ka tabbata bwat ɗin, wato giyabos, na motar esans ne, wato fetur, ba na gazuwal ba, wato gas. Nan Nijar 504 masu gazuwal suna da yawa, tun zamanin da Turawa suke ketowa da su ta hamada daga Aljeriya su biyo Arlit da Agadas su saida, kuma kayansu suna ƙetarawa kasuwannin Najeriya. Injin esans a kwance yake sosai gefe guda, na gazuwal bai kai shi kwanciya ba, don haka kan bwat ɗin ba ɗaya bane, ba zai hau injinka ba sai an canza kai. In ka ajiye su gefe da gefe kamar yadda Oga ya ce nan take zaka gani.

Bakanike_Kakuri:

Baba direba na ji maganarka kuma tsoronka yana da tushe. Amma duba, notin da bai ci sifana ba yana nuna ba'a buɗe ba ne kawai, baya nuna direban da ya ja motar ba mai fizgar giya bane. Na sha buɗe wanda ba'a taɓa taɓawa ba in tarar haƙoran kulle na biyu da na uku sun zama gundul. Ɗaga ɓari ɗaya baya ɓata saiti in dai ba'a zare shaf an warwatsa ba. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne a nemo wanda ya san Fijo, irin dattawan da suka yi zamanin da 504 ce motar gwamnati da ta haya, har yanzu suna nan a Kaduna da Kano da Zariya, kada a ba yaro ya koyi aiki a kai.

Ɗan_Tudun_Wada:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Ga yadda ake ciki. Mun jera su, iri ɗaya ne kai da wutsiya, na fetur ne, farantin kuloci ya shiga lafiya. Mai ɗan kaɗan ne a ciki baƙi ƙirin, mun zuba gas mun tace, akwai laushin tokar nan amma babu gutsure sai wani ɗan ƙarami guda ɗaya, ba alamar ruwa. Ƙirgen giya duk ya fito yadda Oga ya faɗa. A ribas ne muke jin ƙas a wuri ɗaya duk zagaye. Na je wajen mai kayan kamar yadda aka bani shawara, ya yarda ya turo ƙaninsa, ya kuma ƙara min sati ɗaya, muka samo wani dattijo aka buɗe a gabansa. Haƙoran kulle na uku da na huɗu suna da kaifinsu, na biyu sun ɗan goge kaɗan, ɗan giyan ribas haƙori ɗaya ya ɓalle a gefe, kuma dattijon yace boris ɗaya na shaf ɗin ƙasa ya fara zane. Oga Kakuri dan Allah a haka in karɓa ko in mayar?

Bakanike_Kakuri:

Karɓi ƙanena, amma ya rage maka kuɗin boris da na aiki. Wannan giyabos ne mai sauran rai. Ɗan giyan ribas ba abin damuwa bane, ribas bashi da sinkuro shi ya sa yake yawan ɓallewa in ana sa shi mota bata gama tsayawa ba, ku buɗe tsohonka in nasa yana da kyau a musanya, sai dai a duba abokan haɗinsa su ma basu ji rauni ba. Gutsuren da kuka gani a ƙyalle inaga nasa ne.

Boris kuma kada a canza ɗaya a bar ɗaya, a canza na shaf ɗin ƙasa gaba da baya tunda an riga an buɗe, kuma a nemi na kirki ko da ya fi tsada. Ka gaya wa dattijon ya sake duba saitin siraran woshar da suke bayansu, sabon boris ba lallai ya zauna daidai da tsohon saiti ba, in ya matse zai yi zafi in ya sake zai yi kuka. Na biyun da kace sun ɗan goge, ya tura zoben sinkuro a kan mazauninsa da hannu ya murɗa, in yana kamawa to a bar shi, in yana zamewa har ya zauna ƙasa a canza yanzu. Ya duba cokulan da suke tura giya ma, kada gefensu ya cinye.

Wajen rufewa gam kaɗan za'a shafa siriri, in aka cika shi yana matsowa ciki ya toshe hanyar mai. Sil ɗin baya a sa sabo ko da tsohon yana da kyau a ido, roba ce ta bushe. Rilis boris, wato wanda yake danna kuloci in ka taka, shi ma sabo, da ɗan bushin bayan kiranshaf in ya sake, kuma in sil ɗin bayan inji yana tsattsafo da mai yanzu ne lokacinsa.

Maganar mai ka kula sosai. Giyabos ɗin 504 man inji yake sha, irin wanda kake zubawa a inji, lita ɗaya da ɗan ɗori, a zuba ta notin gefe har ya fara dawowa mota tana tsaye a daidai. Man giya mai kauri na aksul ne. Masu zuba masa mai kauri don ya ɓoye kuka su ne suke kokawa da giya da safe lokacin sanyi.

Wajen ɗaurawa a saita farantin kuloci a tsakiya da tsohon shaf, giyabos ya shiga da kansa har ya haɗe da inji, kada a ja shi da noti in ya cije, kuma kada a sake shi ya rataya a kan shaf, faranti yake lanƙwasawa ko kunne ya tsage. In an gama ka tada ta a firi ka saurara, ka taka kuloci ka saki, kukan da yake zuwa in ka saki ya ɗauke in ka taka na boris ɗin shaf ɗin gaba ne, wanda yake zuwa in ka taka kuma na rilis ne. Sai ka fita titi ta yi zafi, a kowace giya ka ba ta wuta ka saki totur gaba ɗaya hannunka baya kan sanda, ka sauko daga uku zuwa biyu kaji ko zata yi ƙara. Ka yi duk wannan cikin satin da ya baka. In ka yi kamar kilomita 500 ka sauke man ka sake dubawa a farin roba ka zuba sabo.